Tarihin Rayuwata (17): Ni da Babur a Kan Mambila

Makon jiya na tsaya a inda aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki zuwa Gembu, a kan tsaunin Mambila. Shekarar 1983 ke nan, da cutar bushiya ta yi wa shanun Arewa ta'adi, lokacin Mambila tana cikin jihar Gongola. Duk malamin dabbobi mai jini a jika an tura shi allurar riga-kafi. Ni aka haɗa ni da Yamaha DT 125, doguwa mai taya mai haƙora, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya.

Har gobe Yaya cewa yake na tafi yawon babur na bar masa gona da Inna. Ya faɗa a gaban surukaina, ya maimaita ranar sunan autana. To bari ku ji irin yawon.

Daga Serti hanya lafiya lau. A Mayo Selbe ne dutsen ke tsaya maka a gaba, kwana a kan kwana, dama bango, hagu rami. Kana hawa kunnenka na toshewa, zafin ƙasa na barinka, kafin Maisamari ka fara neman rigar sanyi. Can sama mita 1,600 ne ko fiye. A nan babur ya fara tari, in ba shi wuta ya ƙi karɓa, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Wani bakanike a Nguroje ya ce, "Malam, lafiyarsa ƙalau. Iskar nan ba ta da kauri, mai ya yi masa yawa." Ya kwance kafireto ya rage masa mai, ya kuma ja kunnena cewa ranar da zan sauka Serti in mayar da shi yadda yake, in ba haka ba inji zai yi zafi ya kama.

Baffa, Allah ya jiƙansa, da jakuna ya yi fatauci, bai taɓa hawa babur ba. Amma da na je sallama ya ce, "Dutse ba a hawansa da fushi, ba a saukarsa da gaggawa." Gangara ce ta nuna mini gaskiyarsa. Injin irin wannan babur ba ya riƙe mutum sosai ko a giya ɗaya, birki kuwa in ka matsa masa ya yi zafi sai ya sake ka. Ga jar laka da damina, santsi kamar miyar kuɓewa. Hazo kan rufe har ka daina ganin fitilar wanda ke gabanka. A kogin Donga kuma a kwalekwale ake ɗora babur, kana riƙe da shi kana salati.

Jikokina yanzu suna tayar da ƙura da babur a unguwa, na ce musu maganar Baffa, suka yi dariya. Su ba su taɓa tura babur a kan tudu numfashi na yankewa ba.

Rugagen da ke wajen Mayo Ndaga, inda ake dosar Chappal Waddi mai mita 2,419, a lokacin ba motar da ke zuwa. In ƙanƙarar akwati ta narke, allura ta mutu, wahala ta tashi a banza, shi ya sa nake fita da asuba yatsuna sun ƙage. Wani Arɗo ya riƙe hannuna biyu yana hawaye, garkensa ya tsira. Kindirmon da na sha a rugarsa ban sake shan irinsa ba.

Wannan ne yawon, Yaya. Kuma albashin da ya rufe ɗakin Inna da kwano daga kan wannan babur ya fito. Da fushi na so in rubuta kashin nan, maganar Baffa ta hana ni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda saƙon rasuwar Inna ya iso Gembu bayan an yi sadakar bakwai, da wanda ya riƙe wasiƙar.