Inda na kai a saƙar kwarashi, da batun "ni da ido nake koyo"

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Hular jaririn da nake saƙawa ta kusa kammala, bakinta kawai ya rage. Layukan sun fara daidaita, zaren ma ya daina kufce mini a yatsa.

Wata daga cikinmu ta ce ita bidiyo kaɗai ke shiga kanta, wai da ido take koyo, don haka ba ta ko duba rubutaccen tsarin saƙa. Wannan batu na raba masu koyo gida-gida ya yaɗu ne da tsarin VARK, wanda Neil Fleming, wani malami ɗan ƙasar New Zealand, ya fito da shi a 1987: masu koyo ta gani, ta ji, ta karatu da rubutu, da kuma ta aikin hannu. Sai dai a 2008 Harold Pashler, wani masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa uku sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da mutum ta salon da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Abin da rai ke so daban, abin da ke zama a kai daban.

Ni dai abin da na lura da shi, aikin ne ke zaɓar hanyarsa. Yadda ake naɗa zare a kwarashi, sai na gani a bidiyo, na rage gudunsa, na maimaita. Amma ƙarin da ake yi a kowane zagaye don hula ta buɗe, bidiyo ruɗa ni yake yi. A rubuce ya fi, ina bi ina ƙirgawa da baki. Tsaurin zare kuwa babu mai nuna miki shi, sai hannu ya saba.

Abin da ya fi ciyar da ni gaba shi ne kife waya in saƙa layin daga ka, in na kakare sannan in duba. Da wuya, ga haushi, amma washegari yana nan. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, shi ya sa nake ɗan taɓa saƙar kullum maimakon in tara ta sai ƙarshen mako.

Bayan hular, safa zan fara. Wadda ta taɓa saƙa diddige, don Allah ta faɗa mana ta ina ta ɓullo masa.