Wasiƙa daga Filadelfiya: kasuwa ɗaya, mudu biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku da kyau, ya iyali, ya fama da jama'a. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Na san wani zai ga abin da na ɗauko yau ya ce, to Malam, ina ruwan biri da gada? Batun lasisin giya da gidajen caca ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda nake zaune. Ba na sha, ba na caca, kuma da za a nemi shawarata da duka biyun an rufe su. Amma tuƙin dare nake yi, ina ɗaukar fasinja, kuma duk direban dare a garin nan ya san ƙarfe 2. A lokacin ne doka ta ce kowace mashaya ta daina zuba wa mutane, zuwa biyu da rabi kowa ya fita. Sai ka ga an firfito kamar an tashi kasuwa. Wasu gida suke nufa, wasu kuwa su ce a kai su gidan caca, don can ba a rufe ƙofa, dare da rana.

Akwai wata dattijuwa da nake kaiwa gida wasu darare. Mashayarta ƙarama ce a unguwar ma'aikata, kujerunta ba su da yawa, gado ta yi daga mahaifinta. A bakinta na fara jin yadda abin yake, daga baya na bi na karanta da kaina.

Asalin tsarin ya samo ne daga 1933, shekarar da Amurka ta janye haramcin giya da ta kafa a 1920. Gwamnan jihar na lokacin, Gifford Pinchot, maƙiyin barasa ne, don haka da ya ga ba makawa sai ya ɗaure harkar tamau. Aka kafa hukumar kula da barasa ta jiha, wadda har yau ita ce ke da shagunan sayar da barasa mai ƙarfi. Mai mashaya ma a wurinta yake sarowa. Akwai wani haraji da aka ɗora wa barasa a 1936 don taimakon garin Jonstawun bayan ambaliya ta cinye shi. An gyara garin tun zamanin kakanni, harajin yana nan, har ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 18 cikin 100. Ashe ba mu kaɗai ba ne ke da harajin wucin gadi da ya samu wurin zama.

Abin da ya fi damun masu ƙananan mashaya shi ne ƙayyade yawan lasisi. Doka ta ce lasisi ɗaya ga kowane mutum 3,000 a gunduma, kuma yawancin gundumomi sun daɗe da cika. Saboda haka wanda ke son buɗe wuri ba zai je ofis ya cike takarda a ba shi sabo ba, sai ya nemi mai tsoho ya saya, kamar mai neman rumfa a tsakiyar Kantin Kwari. A gundumomin masu hali da ke kewaye da Filadelfiya, takardar kaɗai takan ci dala dubu ɗaruruwa, tun ba a sayi kujera ko ɗaya ba. Bayan haka hukuma na iya hana ka idan wurinka bai kai ƙafa 300 daga coci ko makaranta ko asibiti ba.

To, a 2004, zamanin Gwamna Ed Rendell, majalisar jiha ta halatta injinan caca, da alkawarin cewa kuɗin zai rage wa masu gidaje harajin gida. Gidan caca na farko ya buɗe a 2006, a 2010 aka ƙara musu cacar tebur, irin su karta. A cikin dokar cacar aka yi musu ƙofa ta daban: gidan caca zai samu lasisin giya ko gundumar ta cika ko ba ta cika ba, kuma sharaɗin nisa da coci ko makaranta bai hau kansa ba. An kuma yarda ya riƙa ba wa duk wanda ke zaune yana caca giya kyauta. Dattijuwar nan kuwa, kofi ɗaya doka ta yarda ta ba mutum kyauta, rangwamen farashi ma an ƙirga mata sa'o'in da za ta iya yinsa a mako.

A nan nake so ku ɗan tsaya. Ita giyar ce abincinta, a kanta take cin riba, da ita take biyan haya da ma'aikata biyu. Shi kuwa gidan caca, giya tsaba ce yake watsa wa kaji. Bai damu da ya ci ko sisi a kanta ba, abin da yake so shi ne mutum ya daɗe a kan kujera, hankalinsa ya yi sanyi, hannunsa ya yi ta komawa aljihu. Ta yaya mai sayar da abu zai yi gasa da mai rabar da shi? Na sha ɗauko mutane daga can da asuba, wani ba ya ko iya faɗa mini lambar gidansa, kuma ba kuɗin giya ba ne ya ƙarar da shi.

A 2016 aka ƙara wani gyara. Aka ƙirƙiro lasisi na musamman wanda zai ba gidan caca damar sayar da giya awa 24, kwana bakwai, a kan dala miliyan 1, da wasu kuɗaɗen sabuntawa masu nauyi. Su kansu gidajen cacar sun yi ƙorafin ya yi tsada, ba a ga suna rububinsa ba. Amma ku lura da yadda aka yanka rigar: ba a ce ƙaramar mashaya ta biya daidai ƙarfinta ta ƙara ko awa ɗaya ba, ita ko ta kawo miliyan ɗin ba za a sayar mata ba. Wannan gyaran ne kuma ya ba manyan kantunan kayan abinci damar sayar da ruwan inabi idan suna da lasisin gidan abinci, sai suka bazama suna saye lasisin tsofaffin mashayu. Wanda ya gaji ya sayar ya samu na hutawa, matashin da ke son shiga sana'ar kuwa ƙofa ta ƙara yi masa nisa.

Ba a ce ba a taɓa jefa wa ƙananan mashayu ƙashi ba. A 2013 an yarda su riƙa yin 'yan wasannin sa'a, irin na yaga takarda a ga ko an ci, sai dai jiha za ta ɗauki kashi 60 na ribar, ƙaramar hukuma kashi 5. Kaɗan ne ƙwarai suka nema. Da aka faɗaɗa caca a 2017, har da ta intanet, masu mashaya sun yi ta safa da marwa zuwa Harisbag, babban birnin jihar, suna roƙon a bar su su ajiye injinan caca. Ba su samu ba. Tashoshin manyan motoci aka ba, inji biyar biyar.

Don kada in yi zalunci, su ma masu gidajen caca suna da ta cewa. Manyansu sun biya dala miliyan 50 kowanne kafin a ba su lasisin inji, kuma kusan kashi 54 na abin da injinan ke samu haraji ne. Suna ɗaukar dubban ma'aikata, ga jami'an hukuma a kansu kullum. Sai dai ni a ganina wannan hujjar ce ma ta tona asirin. Injinan nan suna tara sama da dala biliyan 2 a shekara, fiye da rabi na gwamnati ne. Wanda ke da rabin shago ba zai zama alƙali tsakanin shagon da maƙwabcinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu rigimar ta koma kan wasu injina da ake kira na gwaninta, waɗanda suka cika mashayu da shagunan unguwa. Kamarsu ɗaya da injin caca, amma masu su na cewa basira ake sa wa, ba sa'a ba, kuma a 2023 wata babbar kotun jiha ta yarda da su. Gidajen caca sun tada jijiyar wuya suna cewa wannan ba gasar adalci ba ce, su suna biyan haraji, waɗancan ba sa biya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Gwamna Josh Shapiro ya nemi a ɗora wa injinan gwanintar harajin kashi 42 a 2024, a 2025 ya ɗaga buƙatar zuwa 52.

Dattijuwar tana da irin injinan nan guda biyu a lungu kusa da ƙofa. Ta ce mini ba ta son su, tana ganin yadda wani tsohon maƙwabcinta ke zuba kuɗin fanshonsa a ciki, amma su ne ke biya mata kuɗin wuta da na inshora. Daren jiya da na sauke ta, ta ce wani kamfanin kantuna ya sake aiko mata da tayin sayen lasisin, karo na uku ke nan, kuma wannan karon ba ta yaga takardar ba.

A gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a.

Naku,
Ɗan'uwanku a Filadelfiya