Abin da na koya a kujerar sakataren Makon Lauyoyi

Duk lauyan da ke bin sanarwowin reshenmu na ƙungiyar lauyoyin Najeriya a WhatsApp ya san yadda shekararmu take tafiya. Daga Janairu har 31 ga Maris ana ta tuni a biya kuɗin aikin lauya na shekara, a nemi sabon hatimin da lauya ke liƙa wa takardunsa kafin tsohon ya daina aiki. Sai taron wata-wata, sai gaisuwar ban girma wurin babban jojin jiha, sai babban taron lauyoyi na ƙasa a watan Agusta lokacin da manyan kotuna ke hutu, sai bikin buɗe sabuwar shekarar shari'a, sai zaman juyayi a kotu idan Allah ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa. A tsakiyar su duka akwai Makon Lauyoyi, wanda ya fi kowanne cin kuɗi da yawan hotuna. Ni ne na riƙa rubuta yawancin waɗannan sanarwowin a nan Katsina, kuma ni aka ɗora wa sakataren kwamitin shirya Makon. Yanzu da na sauka, ina so in faɗi abin da bai taɓa shiga sanarwa ba.

A zaman farko na kwamitin na kawo shawara cewa ziyarar gidan gyaran hali da ake sakawa a jadawali duk shekara ta wuce kai sabulu da garin kwaki a ɗauki hoto a bakin ƙofa. Na ce mu shiga tun kafin Makon, mu karɓi sunayen masu jiran shari'a, mu bi fayil ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Dalilina kowa a ɗakin ya san shi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta sa umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ɗakunan tsare mutane na 'yan sanda duk wata. Amma har yau kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 an canza wa hukumar suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, cunkoson kuwa yana nan.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. A kama mutum da zargin fashi ko kisa ko haɗa baki da 'yan bindiga, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan tuhumar. Majistare ya ba da umarnin a tsare shi har a sami shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan ɗan sandan da ya yi binciken a yi masa canjin wurin aiki, fayil ya maƙale tsakanin ofis da ofis, shi kuma mutumin sai dai a riƙa ɗage zamansa. A jiha irin tamu, inda rashin tsaro ya addabi Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, kame ya yawaita, kuma da yawan waɗanda ake kamowa danginsu ba su da kuɗin motar zuwa birni, balle kuɗin lauya.

Shugaban kwamitin wani babban lauya ne da ya girme ni nesa ba kusa ba a aikin, mutumin da nake durƙusawa in gaida. Bayan an tashi ya kira ni ofishinsa ya yaba, ya ce tunanin ya yi. Na ce, "Yallaɓai, abin zai ci kuɗin mai da na kwafin takardu da na shigar da buƙata a kotu." Ya ce, "Kai dai je ka fara, ajiye rasit ɗinka, in gudummawa ta shigo za a mayar maka." Mu biyu ne a ɗakin.

Na tara matasan lauyoyi, waɗanda ba su wuce shekara bakwai da zama lauya ba, irin waɗanda albashinsu a ofisoshin manya ba ya kai su ƙarshen wata. Ba wanda ya tambaye ni nawa za a ba shi. Muka raba sunaye. Wasu suka nufi rajistar kotunan Funtuwa da Malumfashi, wasu Dutsinma, wasu Daura, suna zama a benci suna jiran magatakarda ya buɗe durowa. Wata 'yar'uwa a cikinmu ita ta ɗauki ɓangaren mata, ta dawo da labarin da ya hana ta cin abinci ranar. Ni na ci karo da wani saurayi da aka kamo daga ƙauye tun gemunsa bai fito ba. Da na tambaye shi ranar da zai koma kotu sai ya ce shi bai san yana da rana ba. Da ƙyar muka gano fayil ɗinsa, an rubuta sunansa ba daidai ba, shawarar da ake jira kuwa ta daɗe da fitowa cewa babu hujjar tuhumarsa. Takarda ɗaya ce ba ta isa inda ya kamata ta isa ba. Ranar da ya fito, kawunsa ya riƙe hannuna ya kasa magana, sai "Barista, Allah ya saka" yake ta maimaitawa.

Kuɗin duk waɗannan zirga-zirgar daga aljihuna suka fita, wani ɓangaren kuma rance na ci.

Makon ya zo, an yi shi lafiya. Gudummawa ta shigo fiye da yadda aka zata, ta tafi a kan hayar zaure da buga jakunkuna da allunan karramawa da liyafar dare da masaukin manyan baƙi. A jawabinsa na buɗe taro shugaban kwamitin ya ba da labarin mutanen da aka fitar, har da na saurayin nan, ya ce shiri ne da ya daɗe yana ransa. Aka tafa. Bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikin yaran da suka sha ƙurar hanya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ban so shi ba, amma da ya tsaya a nan da na haɗiye, domin dama ba don a kira sunana na yi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a taron wata da aka gabatar da lissafin kuɗi. An sami giɓi, mutane suka fara tambaya. Ma'aji ya karanto cewa akwai rasit ɗin sakataren kwamiti da ba a biya ba. Sai shugaban ya miƙe a gaban kowa ya ce shi bai taɓa ba da izinin kashe wannan kuɗin ba, wai yaran yanzu sukan yi gaban kansu sannan su kawo wa ƙungiya bashi. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a ofishinka ka ce in je in fara." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a wace shekara ka zama lauya?" Aka yi dariya a wani ɓangaren, wasu suka sunkuyar da kai. Aka nemi a ga inda aka rubuta izinin a bayanan zaman kwamiti, babu shi, tunda a ofis aka yi maganar. Aka wuce zuwa batu na gaba. Manyan da na san sun san gaskiyar lamarin ba wanda ya buɗe baki, sai bayan an fito wani ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, haka su ma aka yi musu.

Wannan jimlar ta "haka mu ma aka yi mana" ta fi kalaman shugaban ƙona mini rai. Ni ban taɓa raina tsarin girma a aikinmu ba. A kotu ana kiran shari'ar babba kafin ta ƙarami, manyan lauyoyi masu muƙamin SAN, wato muƙamin girmamawa da ake ba fitattun lauyoyi, suna zama a sahun gaba, kuma na yarda da hikimar hakan. Mu a Katsina ma muna da dalilin girmama na gaba fiye da kowa. Jihar da ta haifi Mai Shari'a Muhammad Bello, alƙalin alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, da Mai Shari'a Mamman Nasir Galadiman Katsina, da Mai Shari'a Umaru Abdullahi Walin Hausa, waɗanda su biyun na ƙarshe suka shugabanci kotun ɗaukaka ƙara, ba za a koya mata darajar manya ba. Amma shekarar da mutum ya zama lauya tana tsara wurin zama ne da jerin magana. Ba ta mayar da abin da aka faɗa ya zama ba a faɗa ba. Idan ƙungiyar da ke fitar da sanarwa tana kiran gwamnati ta bi doka ba za ta iya sauraron ƙaraminta na minti biyar ba, to sanarwar ta yi rauni tun daga gida.

Darasin da na ɗauka mai sauƙi ne, kuma shi nake faɗa wa duk matashin da aka ba sakataren wani kwamiti. Duk izinin da ya shafi kuɗi, komai girman wanda ya ba ka shi, ka mayar da shi rubutu kafin ka kashe ko sisi. In a ofis aka faɗa maka, kana fita ka tura saƙo cikin ladabi: Yallaɓai, kamar yadda ka umarta, zan fara kaza a kan kaza. A zama na gaba ka karanto shi a shigar cikin bayanan taro. Mutumin kirki ba zai ji haushin haka ba. Wanda ya ji haushi kuwa ya gaya maka abin da kake buƙatar sani game da shi. Muna gaya wa masu kawo mana ƙara kullum cewa yarjejeniyar baki wahalar tabbatarwa gare ta, sai mu shigo cikin junanmu mu ɗauka zumunci ya isa.

Na biyu, kasafin Makon Lauyoyi shi ke nuna abin da reshe ya ɗauka da muhimmanci, ba taken lacca ba. Kuɗin alluna da jakunkuna na shekara guda zai iya ɗaukar nauyin bin fayil na watanni. Yajin aikin ma'aikatan kotuna na 2021, wanda ya rufe kotuna daga Afrilu zuwa Yuni, ya nuna wa kowa wanda ke shan wahala idan shari'a ta tsaya, kuma ba masu zuwa liyafa ba ne. Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, amma lauyoyinta ba za su iya da ƙananan hukumomi 34 na jiharmu su kaɗai ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka girmama magatakardan kotu da gandirobobi, su suka san inda takarda take kwana. Idan ka rubuta labarin aiki, ka sa sunan wanda ya yi aikin. Ka riƙa zuwa taron wata, domin rajistar halarta ita ke ba ka damar tsayawa takara idan zaɓen reshe ya zo. Kada ka ci rance don aikin ƙungiya.

Bashin na gama biyansa da kaina, ban kuma sake kai rasit ɗin ba. Jerin sunayen waɗanda ba mu kai ga fayil ɗinsu ba na miƙa wa wanda ya gaje ni, tare da kotun da kowannensu yake. A taro mai zuwa zan gabatar da ƙuduri a rubuce, a matsayina na ɗan ƙungiya kawai, cewa a ware kason aikin gidan gyaran hali tun kafin a biya kuɗin zaure, kuma a riƙa karanto sunayen lauyoyin da suka yi shi. Na riga na sami wanda zai mara mini baya. Shi ma Yallaɓai na aika masa da kwafi.