Masunta a banki

Talata, Mabera, Sakkwato.

Zafin yau ba a magana. Tun hantsi aka ɗauke wuta, ɗaki ya zama kamar tanda, shi ya sa da la'asar na ja tabarma zuwa gindin dogon yaro. Ban daɗe da zama ba sai ga 'yar yayata, wadda ke shirin rubuta WAEC, riƙe da littafin Turanci, fuska a murtuke.

"Kawu, wai mi masunta ka yi cikin banki?"

Na karɓi littafin. Jimlar ita ce "The fishermen sat on the bank". Ita kuwa ta fahimce ta a kan masunta sun zauna a banki, har ta yi musu uzuri, wai ƙila layin cirar kuɗi suke bi. Dariya ta kusa shaƙe ni. Na ce mata ta tuna Kwalkwalawa, inda muke tsayawa sayen kifi a hanyar jami'a. Bakin gulbin nan ma bank sunansa. Asali ma kalmomi biyu ne suka yi karo: ta kuɗi daga "banca" ta fito, teburin da 'yan canjin Italiya suke baje sulallansu a kai, ta gaɓar kogi kuwa ta wata hanya daban ta shigo Turanci.

Ba ta huce ba. Ta buɗe wani shafi inda "run" ta fito sau huɗu, kuma babu mai gudu ko ɗaya. Hancin yaro yana yoyo, run. Janareta yana aiki, run. Wani ya tsaya takara, wata tana tafiyar da shago, duk run. Ta ce wannan ai mugunta ce.

Na duba a waya, don ni ma abin ya fara ba ni haushi. Ashe babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, ya jera wa "set" ma'ana 430. Da suka sake bitar "run" a 2011, a matsayin aikatau kaɗai, sai da suka ƙirga 645. A ganina gajerun kalmomin da ke bakin kowa su suka fi ɗaukar kaya. Jirgin ƙasa ya zo, an ɗora musu. Inji ya zo, kwamfuta ta zo, ba a sauke na da ba.

Inna tana gefe tana tsinkar zogale, mun ɗauka ba ta jin mu. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"To ku mi kuka cewa ga ci?"

Muka yi shiru. Ta fara lissafi da yatsun da suka yi kore: a ci tuwo, a ci bashi, a ci amana, a ci zaɓe, kasuwa ta ci, wuta ta ci rumbu. "Ke da kanki jarrabawar ga so kike ki ci. Da miya za ki ci ta?" Ta ce Baturen da aka gaya wa an ci mutuncin wane, sai ya tambayi wa ya dafa.

Yarinyar ta kwashe da dariya har littafi ya faɗi. Ta ɗauka, ta ja layi a bayan shafi, ci a dama, run a hagu, wai ta ga wadda za ta fi tsawo. Ta kai ci goma sha bakwai aka kira magariba.

Har yanzu ba a kawo wuta ba. Da fitilar waya nake rubutun nan, Inna kuma tana ƙwala mana kira mu zo tuwo zai huce, wai wanga ci ba shi son ƙamus.