Kiwon Murjani a Tankin Gilashi a Kaduna

Tankina na gilashi yana cin lita 600, kuma a shekara biyu da na yi ina kiwon murjani (wata halitta mai rai da ke manne a duwatsun cikin teku) da kifin teku a falona, zafi ne ya fi ba ni wahala. Murjani yana son ruwan da bai wuce digiri 24 zuwa 26 ba, alhali a watan Maris da Afrilu ɗakin kan yi zafi ƙwarai. Idan ruwan ya ɗumama, murjanin yakan kori ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari fat. Na rasa murjani guda uku a wani dare da aka ɗauke wuta, abin da ya sa na haɗa famfo da na'urar sanyaya ruwa da sola.

Gishiri kuwa gram 35 ne a kowace lita, kuma da tataccen ruwa nake haɗa shi. Da hunturu ruwan yana saurin ƙafewa, gishirin ya zauna, saboda haka ruwa marar gishiri nake ƙarawa kowace safiya kafin na fita aiki.