Na hau tudun Mapo a Badun

Duk wanda ya taɓa zama a Sabo ta Badun (Ibadan) ya san Mapo, babban zauren taron nan da ke kan tudu, ko da daga nesa ne, amma ni sai da wani abokina mai sayar da goro ya ja ni sannan na shiga. Tasi ƙirar Micra muka hau zuwa unguwar Beere, daga nan muka taka, kuma wallahi hawan nan ba wasa ba, ga cunkoson kasuwar Oja'ba ga 'yan acaɓa kowa na danna hon.

Ginin tun zamanin Turawa ne, Razdan Kyaftin Ross ya aza harsashinsa a 1925 aka gama a 1929, injiniyan kuwa wani Bature ne ɗan Birtaniya mai suna Taffy Jones, shi ne dai ya yi hasumiyar Bower da ke kan wani tudu a garin. Abin da zai fara kama maka ido ginshiƙan gaban ne, dogaye zagayayyu irin na tsoffin gine-ginen Girka da Rum, na gwada rungumar guda hannuwana ba su haɗu ba, abokina na ta min dariya. Yanzu sakatariyar ƙaramar hukumar Ibadan ta Kudu maso Gabas na wurin, nan ake naɗin Olubadan, wato sarkin Badun, 'yan siyasa ma nan suke son yin gangami.

Ni dai a ganina ba don shan iska aka ɗora shi kan tudu ba. Ka tsaya a saman matakala ka duba, gari ne shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano duk ya yi ja da tsatsa har iya ganinka, ma'ana mutanen gari ma duk inda suke suna hango hukuma. A ciki an ajiye sarƙoƙin da ake ɗaure waɗanda suka ƙi biyan haraji da su, kusa da hotunan sarakunan garin, sai da jikina ya yi sanyi. Shi ya sa da manoman Agbekoya suka yi boren haraji a 1968 zuwa 1969 nan suka nufo.

In za ka je ka yi sammako kafin rana ta buɗe, ka tafi da mai jin Yarbanci, ka gaida masu gadi ka nemi izini kafin ka zaro waya, ofis ne ana aiki. Ranar gangami kuwa ka haƙura kawai, ko ƙofar ba za ka gani ba.