Irin da na shuka da jarina

Ƙannena, na tashi a ikilisiyar da iyayenmu suka gada daga 'yan mishan na garin Tsibiri da ke kusa da Maradi, inda ake rera waƙa da Hausa a kan bencin katako, kuma ba wanda yake jin kunyar tsohuwar rigarsa. A shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, ina saurayi ina kai wake Legas ta Ɗan Isa da Jibiya. A Legas ne wani abokin ciniki ya ja ni zuwa wata sabuwar majami'a.

Abin da ya ruɗe ni tun kafin wa'azi shi ne kwat da fasto ya sa, da lasifika, da samari masu jakar takardu da suke fitowa ba da shaida cewa sun sami bizar Ingila. Na ɗauka wayewa ce na tarar. Koyarwar ita ce talauci la'ana ne, kuma wanda ya "shuka iri" da kuɗi zai girbe ninki ɗari. Daga baya na san cewa Oral Roberts na Amurka ne ya yayata wannan magana ta iri, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka kafa ta a Najeriya, sannan 'yan ci-rani suka kai ta har Landan.

Na fara da zakka, wadda ba ni da ja a kanta har yau. Daga nan na zarce na zuba kuɗin buhu arba'in na wake a ambulan ɗaya, wato jarina kaf. Da na dawo Maradi na gaya wa inna, sai ta ajiye muciya ta ce, "Ɗan nan, ko manomi ba ya juye rumbunsa a gona." Na amsa mata da cewa ruhun talauci ne yake magana ta bakinta, domin an koya mana cewa dangi ne suke ɗaure wa mutum ƙafa. Wannan amsa ta fi asarar kuɗin ci mini rai.

Saboda haka, duk wanda ya nemi ku ba da baiko daga jari, ko daga adashi, ko daga bashi, ku ce masa sai kun yi shawara a gida, ku kuma tambayi wanda yake riƙe da littafin kuɗin majami'ar. Idan kasuwa ta karye muku, ku faɗa da wuri. Ni na ɓoye tawa wata takwas don kada a ce bangaskiyata ce ta gaza, ina yawo da kwat aljihu babu ko dala, har sai da kawuna, wanda na daina gaisarwa, ya ranta mini buhu shida na sake kama hanyar Jibiya.